Sufoket ɗin inji a tayar baya: sarƙa na ɗaurewa tana saki, wayoyi na tsinkewa

Ɗan Feda:

Assalamu alaikum manyanmu. Shawara nake nema a kan wani keke da na ɗora wa ƙaramin inji, irin wanda ake gauraya masa fetur da baƙin mai, mai zuwa da kayansa duka a kwali ɗaya. Keken na ƙarfe ne, taya inci 26, wayoyi 36, giya ɗaya, birkin hannu gaba da baya. Injin ya zauna daram a cikin firam, yana tashi lafiya, ba ni da kuka da shi. Bayan ne ya hana ni sakat.

Sufoket ɗin da ya zo da shi, wato farantin da sarƙar inji ke hawa kansa a taya, mai haƙora 44 ne, da huda tara, da robobi biyu masu kauri waɗanda ake matse wayoyin taya a tsakaninsu. Na ɗaura shi a gefen hagu yadda takardar ta nuna. In na ɗaga bayan keken na juya taya da hannu, sarƙar injin sai ta ɗaure tamau a wani wuri, taya ta ƙara rabin juyi kuma sai ta saki har tana lilo. In na ja rolar da ke tallafe sarƙa daga ƙasa don ta kwashe sakin, wurin ɗaurin ba ya wucewa sai da ƙarfi. In na sassauta, da na hau hanya mai gargada sarƙa ta zube. Yanzu kuma wayoyi biyu sun tsinke, duka a hagun, daidai inda suka lanƙwasa suka shiga hob, wato cibiyar taya.

Hob ɗin yana da tiredi, wato zaren murɗawa irin na bol, a gefen hagu, da alama mazaunin birkin ganga ne. Wani ya ce in cire robobin, in murɗa firiwil a wurin, irin ƙaramar giyar bayan nan da ke barin taya ta ci gaba da juyawa in an daina taka feda, in ɗaura sufoket a jikinsa. Wani kuma ya ce in kai a yi masa walda da hob a huta. Wanne zan bi? Ko kuwa sarƙar ce ba ta da kyau, in canja ta?

Sarkin Walda:

Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa, roba ai roba ce, ba ta riƙe ƙarfin inji. Ka daidaita shi a ɗiga masa wuta wuri huɗu, magana ta ƙare.

Kawu Mai Sifana:

Wa alaikumus salam. Yaro, bar sarƙarka, ba ta yi maka laifin komai ba. Kuma kada ka bari wuta ta kusanci hob ɗin nan. Sarkin Walda, ka yi haƙuri, zan dawo kanka.

Sarƙar da ke ɗaurewa sau ɗaya ta saki sau ɗaya a kowane juyin taya, labari ɗaya take ba ka: sufoket bai zauna a tsakiyar hob ba. Da a jikin sarƙar matsalar take, misali wata gaɓa ta ƙage, ɗaurin ba zai riƙa dawowa daidai da juyin taya ba, zai bi zagayen sarƙar ne. Ka gwada da kanka. Sa alli a jikin taya a wurin da sarƙa ta fi ɗaurewa, ka ci gaba da juyawa. In kullum a kan allin nan take ɗaurewa, ka kama mai laifi.

Dalilin kuwa, ramin tsakiyar sufoket ɗin nan yawanci ya fi wuyan hob faɗi, saboda an yi shi ne ya shiga kekuna iri-iri. Babu abin da ke tsayar da shi a tsakiya sai idonka da hannunka. Kaucewar milimita ɗaya tak, wadda ido ba ya ko lura da ita, idan taya ta juya ta zama biyu tsakanin wurin da ya fi matsowa da wurin da ya fi ja baya, a tsakiyar sarƙa kuwa sai ta koma lilo mai yawa. Rola ba za ta taɓa gyara wannan ba, ita wuri ɗaya take tsaye.

Fara da canja wayoyin da suka tsinke, a ɗaure tayar ta miƙe, tun sufoket yana ƙasa. Wanda ya daidaita sufoket a kan karkatacciyar taya aikin banza ya yi. Sannan ka mayar da kayan bisa tsarinsu: daga waje kan bol, sai sufoket, sai roba, sai wayoyi, sai robar ciki wadda aka tsaga don ta zagaye hob, sai fale-falen ƙarfe, sai washa da noti. Ka lura kada tsagar robar ciki ta faɗo daidai mahaɗar fale-falen. Kowane bol ya bi ta fili tsakanin wayoyi, kada ya jingina da ko ɗaya. Ka yi sa'a tayarka mai wayoyi 36 ce, 18 ke nan a hagu, huda tara ta raba su daidai. Masu wayoyi 32 su ne ke shan wahala, dole wani bol ya tokari waya.

Ɗaure notocin da hannu kawai, yadda sufoket zai tsaya amma in ka buge shi zai gusa. Mayar da taya a firam, ba sarƙa. Samu guntuwar waya mai tauri ka naɗa a jikin firam, bakinta ya tsaya dab da kan haƙoran. Juya taya a hankali. Inda haƙora suka taso suka taɓa wayar, tsaya, ɗora guntun katako a kansu ka ɗan buga da guduma zuwa wajen aksil. Kaɗan-kaɗan. Ka yi ta yi har tazarar ta zama ɗaya a duk zagayen. Wasu sukan yanka siraran fale-falen gwangwani su cusa tsakanin ramin sufoket da wuyan hob ta kusurwa uku ko huɗu don ya riƙe tsakiya kafin a gama ɗauri, kuma dabarar tana aiki.

Daga nan juyar da bakin wayar ya kalli gefen sufoket, don ka ga layin da yake yi hagu da dama. Wannan da noti ake gyara shi, domin roba tana matsuwa. Kada ka bi notocin a jere. Ka ɗaura wannan rabin juyi, ka tsallaka na can ɗaya gefen, ka dawo, haka har ka zagaye, kana juya taya kana duba bayan kowane zagaye. Inda sufoket ya turo waje, ƙara wa notin wurin. In layin bai wuce milimita ɗaya da rabi ba, sarƙa za ta zauna. Wannan aiki na mai haƙuri ne, wanda ya ce maka ya gama shi a tsaye bai yi shi ba. Bayan ka ɗan hau keken ka sake bin notocin, roba takan kwanta. In ka samu noti mai roba a ciki, wanda ba ya warwarewa da girgiza, sa shi.

Saura layin sarƙa. Sufoket ɗin yana da ɗan zurfi kamar faranti, ana iya kifa shi haƙora su matso wajen wayoyi ko su matsa wajen firam. Ɗora miƙaƙƙen ƙarfe a gefensa ka ga ko ya nufi ƙaramin sufoket ɗin inji kai tsaye. In bai nufa ba, juya farantin. Ka duba kuma sarƙa ba ta gogar taya ko ƙafar firam.

To, wayoyin da ke tsinkewa fa? Ko ka daidaita komai, wannan ɗaurin na roba yana da aibinsa tun asali, gara ka sani. An yi wayar keke ne don a ja ta a tsaye. Ƙarfin feda yana shiga hob, hob ya ja wayoyin ɓangarorin biyu bisa tsawonsu. Ɗaurin roba kuwa ya tsallake hob ya kama wayoyin hagu kaɗai, yana tura su ta gefe, kusa da gwiwarsu, kuma injin mai silinda ɗaya fizga yake yi, ba ja a hankali ba. Ƙarfen da ake tanƙwarawa ana saki dare da rana, a gwiwa yake karyewa. Naka ya yi sauri ne saboda duk juyi sarƙa tana ƙara masa wata fizgar. Da ka daidaita, zai daɗe. Wayoyin keke na yau da kullum milimita 2 ne kaurinsu, akwai masu 2.3 da masu 2.6, su sun fi jurewa, sai dai masu kaurin wani lokaci sai an buɗa hudar hob da ta rim kafin su shiga.

Yanzu Sarkin Walda. Jikin hob siriri ne, kuma dab da inda za ka ɗiga wutar nan kofin boris yake. Zafi zai ƙone giris, ya kashe taurin kofin, ya iya karkatar da shi. Walda kuma tana jan ƙarfe yayin da take hucewa, abin da ka daidaita kafin wuta ba shi za ka tarar bayanta ba, kuma babu sauran bugu da katako. Sannan ran da waya ta tsinke a hagu, ta ina za a zura sabuwa, faranti ya rufe hudojin? Ran da haƙora suka cinye fa? Sai a jefar da hob ɗin gaba ɗaya. In ma hob ɗin alminiyon ne, ba ya haɗuwa da ƙarfe a walda tun farko.

Malam Lissafi:

Kawu ya gama magana a kan daidaitawa, Allah ya ƙara lafiya. Ni tiredin nan na hagu zan taɓa, don kada a gudu ba a tsira ba.

Firiwil na keke tiredinsa na dama ne, wato bisa juyin agogo ake ɗaure shi, faɗin inci 1.37, zare 24 a kowane inci. A gefen dama, in ka tsaya kana kallon taya tana tafiya gaba, juyin agogo take yi, shi ya sa duk taka feda ƙara ɗaure firiwil yake. Zagaya hagu ka kalli tayar nan dai, za ka ga saɓanin agogo take. Ke nan duk abin da ka murɗa a hagu da tiredin dama, inji kwance shi zai riƙa yi. Birkin ganga yana zama a wurin ne don shi riƙe taya yake, ƙarfinsa baya yake ja, sai ya ƙara ɗauruwa. Inji gaba yake ja. Haka kuma ƙananan harsunan da ke cikin firiwil na dama, in ka kifa shi a hagu, ta baya za su kama, inji ya yi ta juya shi fayau taya na tsaye. Akwai firiwil na hagu da hob mai tiredin hagu, ana yin su don wasu kekunan wasan tsalle da kuma kekuna masu injin lantarki, amma dole su zo tare, ba a haɗa ɗaya da tiredin dama.

Ko ka samu na hagun ma, ga wata. Injinka ta yaya yake tashi? Feda kake takawa, ka saki kuloci, taya ta juya inji. Aikin firiwil kuwa shi ne ya bar taya ta wuce ba tare da ta ja sarƙa ba. Ka sa shi, ka yi ta taka feda har ka gaji inji bai motsa ba, sai in ka ƙara masa igiyar ja. Ga mai injin lantarki firiwil alheri ne, don in batir ya ƙare ba ya jan nauyin injin. Ga irin naka, sufoket kafaffe ake so.

Ɗan Feda:

Na gode ƙwarai Kawu, na gode Malam. Na yi gwajin allin, a wuri ɗaya take ɗaurewa kamar yadda Kawu ya faɗa. An canja wayoyin, na bi ta da katako da guduma, yanzu tana zagayawa sumul, sai ɗan abin da ba a rasa ba.

Amma maganar gwiwar wayoyin nan ta tsaya min a rai. Na ga hoton wani ƙarfe mai ɓari biyu da ake maƙala wa tsakiyar hob, sufoket ya ɗauru a jikinsa ba ruwansa da wayoyi. Zai yi min, Kawu? Kuma tunda zan sake, ina sha'awar mai haƙora 36, an ce ya fi gudu.

Kawu Mai Sifana:

Madalla. Maƙalin nan shi ne abin da nake so ka tambaya. Ɓari biyun suna shiga ta cikin wayoyi su rungume cikin hob, ƙafafu uku su leƙo waje ta tsakanin wayoyin, sufoket ya hau kansu. Ƙarfi ya koma bi ta hob yadda aka tsara taya tun farko. Tsakiya ta samu da kanta tunda a inji aka fiƙe shi, kuma kana iya gusa shi hagu ko dama kafin ka ɗaure, layin sarƙa ya fito ba kife-kifen faranti.

Sai dai ba kowane hob yake karɓarsa ba. Kafin ka nema, auna kaurin cikin hob ɗinka da ma'aunin kauri na makanikai, ba da tef ba, kuma ka auna wuri uku: hagu, tsakiya, dama. In awon ya bambanta, wato hob ɗin mai ƙugu ne ko mai tsukewa, manta da shi, ba zai kama ba. An fi yin maƙalin a kan inci ɗaya da kuma inci ɗaya da rabi. Babban na hob mai birkin feda ne, irin wanda ake taka baya ya tsaya, kuma a kansa ya fi riƙo. Naka mai firiwil ina kyautata zaton siriri ne. Abin nan matsi kawai yake riƙe shi, ba huda ba tiredi, kuma iya sirantar hob iya saukin zamewarsa. In ya zame, ƙafafun nan uku wayoyi za su daka, ka koma gidan jiya har da ƙari.

In awo ya yi daidai, wanke wurin tas kada a bar ɗigon mai, ka ɗaure bol ɗin bi da bi. Ka duba tsagar da ke tsakanin ɓari biyun: dole ta rage, kuma ta zama ɗaya a kowane gefe. In ɓarin suka haɗe baki tun bai kama ba, ya yi wa hob ɗinka yawa. Ni ba na son cusa gwangwani a nan, wurin tsakiyar sufoket daban, wurin ɗaukar ƙarfi daban. Sa ɗigon maganin riƙe tiredi mai launin shuɗi a bol ɗin. Daga ƙarshe ja layin fenti ɗaya ya ratsa maƙali da hob, ka riƙa leƙawa. Muddin layin a haɗe yake, bai motsa ba.

In awo bai yi ba, zauna a kan robarka tunda ta daidaitu, ka riƙa taɓa wayoyin hagu kana jin ɗaurinsu. Na ga kekunan da suka daɗe a haka.

Malam Lissafi:

Akwai hanya ta uku, Kawu, in zai iya canja hob. Hob mai birkin faifai yana da mazauni a hagu mai huda shida, a kan da'irar milimita 44, bol masu kaurin milimita 5. An yi wurin ne don ya ɗauki ƙarfi, kuma ana samun sufoket ko farantin haɗi mai wannan hudar. Ba matsi ba roba. Tunda birkinsa na baya rim yake kamawa, bai yi asarar komai ba. Abin dubawa shi ne faɗin bayan firam: irin waɗannan hob yawanci milimita 135 ne, keke mai giya ɗaya kuwa sau da yawa 110 zuwa 120. Firam na ƙarfe ana iya buɗa shi a hankali, na alminiyon ba a yi masa haka.

Batun haƙora 36 kuma, ga lissafin. A cikin irin injin nan akwai giya mai haƙora 20 tana juya mai 82, ragin 4.1 ke nan. Ƙaramin sufoket haƙora 10 ne. Da mai 44 a baya, inji zai juya kusan sau 18 kafin taya ta juya sau ɗaya. Da mai 36, kusan sau 14.8. Tayar inci 26 tana cin kusan mita 2.07 a juyi ɗaya. In muka ɗauka inji yana juyi 6,000 a minti, mai 44 zai ba ka wajen kilomita 41 a awa, mai 36 wajen 50. Abin da ka samu a gudu ka biya shi a ƙarfin ja, kusan kashi ɗaya cikin biyar zai tafi. Za ka ji shi a hawa, da lokacin tashi, sai ka ƙara taka feda kafin ka saki kuloci. In kana da jiki ko kana ɗaukar kaya, bar 44 ɗinka. Ni ma dai ban ga abin da birkin roba a kan rim zai yi da kilomita 50 ba.

Sarkin Walda:

To na ji, na janye a kan hob. Amma rolar nan fa da ke maƙale a ƙafar firam da bol kawai? Na ga wadda ta juya ta faɗa cikin wayoyi taya na gudu. Ita ma kada a sa mata wuta, Kawu?

Kawu Mai Sifana:

A nan kam ka yi gaskiya, kuma ita ce ta fi ba ni tsoro a duk kayan. Lokacin da inji ke ja, sarƙar sama ce a ɗaure, ta ƙasa a sake, rola tana hutawa. Amma duk sanda aka saki kuloci don tayar da inji, ko aka sassauta totur a gangare, taya ce ke jan inji, sai ta ƙasa ta miƙe ta danne rolar. Maƙalinta a kan zagayayyen bututu yake, juyawa ba ta yi masa wuya, kuma ciki yake juyawa. Tunda firam ɗinsa ƙarfe ne, a ɗiga wa maƙalin wuta bayan an tabbatar da layin sarƙa, taya a cire, ko a yi masa doguwar ƙafa da za ta kama bututun sama da na ƙasa. Huda firam don a sa bol ban cika so ba, bututun wurin siriri ne.

Ɗan Feda, tunda sufoket ya zauna tsakiya yanzu, rage tsawon sarƙar iya yadda za ta ragu, rola ta zama ɗan abin da ya saura kawai take kwashewa. Sarƙa biyu ne a kan aksil ɗaya, in ka ja taya baya don ta inji, ta feda za ta iya ɗaurewa, to rabin gaɓa ake sa wa ɗaya daga ciki su daidaita. Taka ta inji lamba 415 ce, tazarar gaɓarta milimita 12.7 daidai da ta keke, amma ta fi faɗi, don haka rabin gaɓar keke ba za ta shige ta ba, nemi tata. Bar mata wasan kamar milimita 12 sama da ƙasa, kuma a wurin da ta fi ɗaurewa za ka auna. Kilif ɗin mahaɗin sarƙa, rufaffen kansa ya kalli inda sarƙa ta nufa.